Kawunan Shanu a Katangar Barmo

Duk wanda ya ci kasuwar Bangi a shekarun saba'in, in dai ya ratsa ta rumfunan mahauta, ya san Barmo. Ba shi ne Sarkin Fawa ba, bai ma taɓa sayen sa sukutum ya yanka da sunansa ba. Shi rabonsa a sana'ar kai ne da ƙafa. In an kayar da sa an feɗe, manyan mahauta sun ja cinya da kafaɗa, sai a turo masa kan. Ya ɗora a wuta ya babbake, ya kankare da wuƙa, ya wanke tas, ya sassara da gatari, sannan matarsa Biba ta karɓa ta zuba a wata ƙatuwar tukunya. Kafin rana ta take tsaka ƙamshin romo ya cika layin, fataken albasa da masu jakuna sun zagaye rumfar da kwanoninsu.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma tun yana saurayi ba a taɓa ganinsa da cikakkiyar gira ba, don kullum wutar babbaka tana lashe ta. Ba shi da yawan magana. Biba ce mai maganar gidan, ita ce kuma mai riƙe ludayi, domin in aka bar wa Barmo sai ya cika wa kowa kwano har tukunya ta ƙare tun kasuwa ba ta kankama ba.

Abin da ya kai sunansa nesa da Bangi kuwa ba romo ba ne. Wata ranar kasuwa aka turo masa kan wani jan sa irin na Bororo. Ya babbake shi ya kankare kamar kullum, ya ɗaga gatari, sai ya tsaya. Ya sauke gatarin, ya ɗora tafin hannu a goshin san, ya shafa tun daga tushen ƙaho har karan hanci.

"Maigida, ruwa shina tahwasa," in ji Biba. "Sare shi mana."

"Wanga ba a sare shi."

"Don mi? Ɗan sarki na?"

"Zo ki ga yadda Allah Ya dasa ƙahon ga, Biba. Dubi goshin."

Biba ta duba, ba ta ga komai ba sai naman da ke ɓata mata lokaci. Amma Barmo ya kafe. A ranar haka aka dafa kan sukutum, ƙahoni biyu a waje sun fi ƙarfin bakin tukunya, masu wucewa suna ta dariya. Da ya nuna ya zare naman a hankali, ya kwashe ƙwaƙwalwar ta kafar ƙeya da ɗan cokali don kada masu saye su yi ƙorafi. Ƙashin kuma ya kai shi bakin gidan tururuwa, suka share masa shi fes. Ya mayar da ƙahonin da suka saɓule, ya ɗora ƙoƙon kan a bisa katangar gidansa yana fuskantar tsakar gida.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Ba kowane kai yake ajiyewa ba, galibi sarewa yake yi kamar kowane mahauci. Amma in hannunsa ya faɗa kan goshin da bai saba ji ba, to ranar sai Biba ta haƙura. A hankali katangar ta fara cika, shi kuma ya fara jera su yadda ya ga sun dace. Na Azawak, shanun arewa, suna gefe guda, masu doguwar fuska siririya da gajerun ƙahoni. Na Bororo suna tsakiya, ƙahoninsu sun miƙe sama kamar hannun mai addu'a. Bokolo na wajen Sakkwato suna ta bakin ƙofa, masu faɗin goshi da ɗan dungun ƙaho. Da ɗani yake auna su, ya buɗe yatsu daga gurbin ido zuwa gurbin ido, daga ƙeya zuwa hanci. Har cikin iri ɗaya yana ganin bambanci. Yakan ce saniyar da ta tashi a duwatsun Buza kanta ya fi tsukewa, wadda ta tashi a fadamar Tarka nata ya fi sakewa.

Akwai wani tsohon ƙoƙon kai da mahaifinsa ya taɓa kafawa a kan sanda cikin gonar wake saboda kambun baka. Rana da ruwa sun ci shi har ya yi furfura. Barmo ya je ya ɗauko shi ya ajiye kusa da na yanzu, ya auna wannan ya auna wancan, ya ga na dā ya fi girma da kusan yatsa biyu. Abin ya tsaya masa a rai. Ko shanun zamanin mahaifinsa sun fi na yau ne, ko kuwa wannan ɗaya ne kawai ya yi fice? Ya tambayi tsofaffi, kowa ya ce ai komai na dā ya fi na yanzu. Amsar ba ta gamsar da shi ba, don ya san haka tsofaffi ke cewa ko a kan tuwo.

Biba kuwa ta sha fama. Rina ta yi gida a gurbin idon wani, kunama ta faɗo daga wani ta kusa harbin ƴarsu Tabawa, kazar maƙwabta ta mai da bayan wani wurin ƙwai. Ga kuma bakin mata a rijiya, ana cewa mijin Biba ya fara tsafi. Maganar ta kai kunnen liman, ya tako da kansa bayan azahar. Ya tsaya ya dubi katangar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya tambayi Barmo ko yana yi musu yanka ko yana roƙonsu wani abu.

"Subhanallahi, Malam. Kallo kawai nika yi."

Liman ya nuna ɗaya da sandarsa ya ce wancan fa na ina ne. Barmo ya faɗa masa. Ya nuna wani. Ba su ankara ba sai da aka zo neman liman don sallar la'asar. Daga ranar maganar tsafi ta mutu, sai dai aka koma cewa Barmo yana da ɗan taɓi, wannan kuwa Biba ba ta taɓa musantawa ba.

Sai farin saba'in da uku ya zo. Damina ta ƙi, ciyawa ta ƙare a arewa, makiyaya suka gangaro kudu da abin da ya rage musu. Kasuwar Bangi ta cika da shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, masu su suna sakin su a kan kome aka taya don kada su mutu a hannunsu. Barmo bai taɓa ganin kawuna da yawa haka ba, irin da ya sani da irin da bai sani ba. Amma bai yi murna ba. Kan da babu nama a kumatunsa ba ya romo, masu saye ma ba su da abin saye. Yawanci Biba kan tsinka ruwan tukunyar ta raba wa matan makiyaya da ke zaune a bayan rumfa da ƴaƴansu. A wannan shekarar ba ta hana Barmo ludayi ba.

Bayan kasuwa ta lafa, wata safiya aka yi sallama a ƙofar gida. Barmo ya fita ya tarar da wani dogon Bafillace da sanda a kafaɗa, idonsa ba a kan maigidan yake ba, yana kan katanga. Sunansa Dodo, makiyayi ne na wajen Galma, yana noma ɗan gero yana kiwo, Hausa a bakinsa kamar Fillanci. Bayan gaisuwa ya nuna wani kai mai ƙaho ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace ƙasa.

"Wancan, ina ka same shi?"

"Nan kasuwa, watan jiya. Wani dillali ya kawo ta."

"Saniyata ta, Saye sunanta," in ji Dodo. "Ita ta rage min."

Barmo ya shigo da shi, ya hau turmi ya sauko da kan ya miƙa masa. Dodo ya tsuguna ya ɗora shi a cinya. Ya daɗe yana ta bin wani ɗan kwarmi da ke tsakiyar goshin da babban yatsa. Biba da ta fito da ruwa a ƙwarya ta ga fuskarsa, ta ajiye ƙwaryar ta koma ɗaki.

Can Dodo ya ce kwarmin nan uwarta ma tana da shi, kakarta ma haka, wadda aka ba shi ranar sunansa. Duk zuriyarsu da shi ake haifarsu. Barmo ya matso ya taɓa wurin. Sau nawa ya shafa kan nan, bai san abin da yake shafawa gado ne ba.

"Ɗauki abinka ka tahi da shi," ya ce.

"In kai shi ina, Kaɗo? Ni yanzu ko bukka ba ni da ita. Bar ta nan, ta samu ƴan'uwa. In na zo kasuwa in gaishe ta."

Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwar da Dodo ya shigo Bangi sai ya biyo, ya ɗaga kai ya dubi katanga, sannan ya zauna a sha romo ana tsokanar juna, shi yana ce wa Barmo maƙiyin shanu, Barmo yana ce masa bawan saniya. Da ya koma kiwon shanun mutane yana yawo har Abalak, in ya tsinci kai mai wata siffa a daji sai ya rataya a jaki ya kawo. Shi ne ya taɓa kawo wani da ya karɓa hannun fataken gabas, na shanun Kuri na bakin tafkin Cadi, ƙahonsa a kumbure kamar gora amma ba nauyi. Barmo ya kwana biyu yana nuna wa duk wanda ya shigo gidan, har da mai tallan gishiri. Bayan wasu shekaru Dodo ya tara ƴan shanu nasa, ya gina ɗakin ƙasa a Galma, sannan ya zo ya ɗauki Saye ya tafi da ita gida.

Wajen farkon shekarun tamanin aka turo wani malamin dabbobi daga Madawa mai suna Alhassan, wanda ke zuwa ranar kasuwa ya duba nama kafin a sayar. Ya yi karatu a Yamai, ana ce masa Mushe kamar sauran ƴan boko, mutum ne mai fara'a da son hira. Da ya ji labarin katangar sai ya roƙi a kai shi. Ya zagaya yana tambaya, Barmo yana amsawa, shi ma yana faɗa wa Barmo abin da aka koya musu game da haƙora da shekarun dabba. Suka saba, har ya zama Alhassan ba ya komawa Madawa sai ya zauna a tsakar gidan.

Wata rana suna zaune Alhassan ya ce, "Baba Barmo, akwai wani sa da ba ka da kanshi, kuma ba ka samu nai."

"Na wace ƙasa, Mushe?"

"Can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙanƙara ka ruhe ƙasa. San almiski aka ce mishi. Gashi nai har ƙasa kamar ya yaha bargo."

Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ƙahonin dabbar, in ji shi, ba a gefe suke tsirowa ba. A tsakiyar goshi suke haɗuwa su yi kauri kamar faranti, sannan su gangaro ta gefen kumatu, can ƙasa su lanƙwasa su dubi sama. Barmo ya durƙusa a kan zanen yana kallo, ya ce wannan ai sai dai a ce hular ƙaho ya sa. Alhassan ya ƙara da cewa wani malaminsu ya gaya musu akwai masana da ke tono tsoffin ƙasusuwan dabbar daga ƙasa, na tun kafin a san tarihi. Suna jera kawunan suna aunawa, suna ganin na wannan ƙasa ya bambanta da na waccan, na dā can kuma ba daidai yake da na yanzu ba.

Barmo ya ɗago. "Jera su sukai? Su auna?"

"Ƙwarai. Aikinsu ke nan, shi suka ci shi suka sha."

Barmo ya juya wajen madafa, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. "Biba, kin jiya? Ashe ba ni ɗai ba na. Akwai manyan malamai can da ka tara kawuna."

"Na jiya," in ji Biba daga bakin murhu. "Allah Shi ba matansu haƙuri."

Barmo bai bari an share zanen ba. Ya kife masa ƙwarya, ya yi ta ɗagawa yana dubawa har kaji suka tone wurin.

Fari ya sake dawowa a tamanin da huɗu, ya fi na baya ma a wasu wurare. A lokacin Tabawa ta daɗe da aure a wani ƙauye cikin duwatsun Keita. Mijinta ya tafi ci-rani kamar sauran mazan garin, ita kuma ta shiga aikin gyaran ƙasa da aka buɗe a yankin, inda mata ke ɗaukar duwatsu a ka suna jera shinge don tare ruwan sama, ana ba su hatsi da mai. Bayan kamar shekara biyu, wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya tsaya a rumfar Barmo da saƙon baka. Tabawa ta ce a gaida Baba da Inna, ta ce kuma matan garinsu sun tono wani kai a gaɓar ƙorama, ba wanda ya san na mene ne, Baba ya zo ya gani.

Barmo bai taɓa barin ranar kasuwa ba sai wannan karon. Biba ta ɗaure kayanta ita ma, tana faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa ita jikanta za ta gani, ba ƙashi ba. Suka hau bayan kamyo a kan buhunan albasa zuwa Madawa, daga nan suka samu wata motar da ta haura da su Buza, ta ratsa duwatsu tana nishi har ƙasar Keita. Duk inda suka wuce garke sai Barmo ya miƙa wuya, Biba tana riƙe masa riga kada ya faɗo.

An ajiye kan a zauren mai gari an rufe da tabarma. Kafin Barmo ya gama shan ruwa zauren ya cika, galibi mata, da ƙurar aiki a zannuwansu. Kowa da abin da yake cewa. Wasu sun ce san Samudawa ne, mutanen farko masu tsawon giginya. Wasu sun ce na aljanu ne, gara a mayar da shi inda aka samo. Tabawa ta ce a yi shiru, ga wanda ya san kai ya zo, ta yaye tabarmar.

Barmo ya tsuguna. Abin baƙi-baƙi ne kamar an shafa masa toka da mai, ya gwada ɗaga shi ya ji nauyin dutse. Hancin ya karye, muƙamuƙin ƙasa babu. Amma goshin yana nan, mai faɗin da ɗaninsa biyu ba su rufe ba, ga kaushi kamar bayan tsohuwar bishiya. Tushen ƙahonin ya kai kaurin cinyar ƙato, sun fita gefe sun ɗan sunkuya kafin inda suka gutsure. Ya shafa, ya auna, ya juya shi da taimakon mata biyu, ya leƙa kafar ƙeya. Duk zauren ana jiransa.

"Ban san shi ba," ya ce.

Tabawa ta ji kunya ta kama ta, don ta riga ta cika baki a gaban ƙawayenta. "Baba, duba dai da kyau."

"Na duba, ɗiyata. Wanga ba Azawak ba na, ba Bororo ba na, ba bokolo ba na. Ban taɓa kankare irin shi ba." Yana faɗa yana murmushi, kamar wanda aka ba kyauta.

Washegari da safe ya ce a kai shi inda aka tono. Tabawa da wasu mata suka raka shi cikin ƙoramar, busasshiya ƙayau, gaɓarta ta fi tsayin mutum biyu. Can ƙasa, ƙarƙashin jar ƙasa da tsakuwa, akwai wani layin baƙar ƙasa mai laushi, nan suka nuna masa ramin. Ya ɗebo ƙasar ya murtsuke a hannu, sai ga ƴan ƙananan bawon katantanwa farare a ciki. Ya tsaya yana juya su a tafin hannu, sai wani abu ya faɗo masa. Lokacin yana saurayi ya taɓa bin fatake kora shanu kudu da ƙafa, a wani gari na bakin Kwara ya ga kan ɓauna a rataye a ƙofar wani maharbi. Goshin nan mai kaushi, da yadda ƙahon ke fita gefe, a can ya taɓa ganin mai kama da su.

"Ban ce shi na ba," ya ce wa matan. "Amma in da za a tambaye ni dangi nai, sai in ce ɓauna. Sai dai wanga ya hi duk ɓaunar da ni gani, nesa ba kusa ba. Kuma maharbin ya ce min ɓauna ba ta nisa da ruwa. Cikin laka taka wuni."

Matan suka dubi juna, suka dubi duwatsun da ke kewaye da su, inda ko akuya sai ta wahala kafin ta cika ciki. Wata ta fashe da dariya ta ce laka a nan, inda suke fita tun asuba neman tulu ɗaya? Barmo ya miƙa mata bawon katantanwar. Ta karɓa ta duba, ta miƙa wa ta kusa da ita, aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Dariyar ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce to in dai ƙasar nan ta taɓa riƙe ruwa, ashe ba aikin banza suke yi ba da suke roƙonta ta sake riƙewa. Suka ɗauki gammonsu suka koma ɗaukar dutse.

Ranar komawa Barmo ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya fito fili ya roƙi a bar masa kan. Ya ce zai ba shi wuri mafi kyau a katanga, zai yi masa rumfa ma. Ƴar cikinsa ce ta fara hana shi.

"Baba, mu munka tono shi. Mu shidda munka ɗauko shi bisa kai. Nan garin za shi zama."

Ya dubi Biba ko za ta sa baki. Biba ta ce ita dai ta gode wa Allah, don katangarta ba ta iya ɗaukar dutse. Amma da ta ga yadda ya yi tsuru-tsuru kamar an ƙwace wa yaro rake, sai ta ja Tabawa gefe suka yi ƙus-ƙus. Da za su hau mota Tabawa ta kamo hannunsa ta sa masa wani abu mai nauyi. Haƙori ne guda, turmin tauna, da ya faɗo daga kan tun ranar da aka tono shi. Ya kusa cika masa tafi.

Da haƙorin ya dawo Bangi a aljihun gaba. Ya nuna wa Dodo, Dodo ya gwada shi da na babban bijiminsa ya girgiza kai. Ya nuna wa Alhassan, Alhassan ya juya shi ya ce shi ma bai san shi ba, amma zancen ɓauna ya shige shi. Tun daga nan duk wanda ya zauna shan romo sai ya ji labarin kan Keita, kuma mutumin da dā ba ya magana sai ga shi Biba na cewa ya bar mutane su ci abinci.

A tamanin da takwas aka yi damina irin wadda aka manta da ita. Wata rana bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar ta wuce. Ruwa ya taso daga bayan gari ya bi lungunsu, ya ci gindin katangar. Barmo da Biba suna tsaye a ƙofar ɗaki suka ga ta sunkuya a hankali ta kwanta, kawunan suka bi ruwa, ƙahoni suna juyawa suna nitsewa har suka sha kwana.

Barmo ya bi su da ido. A lokacin ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala, idonsa ɗaya ya yi hazo. Ya koma ciki ya zauna a bakin gado. Da gari ya waye ya fito bai ga Biba ba. Maƙwabta suka ce sun ga ta bi ƙorama da kwando. Ya ɗauki sanda ya bi sawunta, ya same ta can ƙasa da gari, zane a ɗage, laka har ƙauri, tana jan wani ƙaho da ya maƙale a saiwar bagaruwa. A gefe ta riga ta tara huɗu ko biyar.

"Biba, mi kika yi nan?"

"Mi ka gani? Zo kama min, ka tsaya kana kallo na. Wanga na Bororon ga na, wanda ya ɓata min romo."

Suka ja tare har ya fito. Sun wuni suna bin ƙoramar, sun samu kamar kashi ɗaya cikin uku. Na Kuri, da yake ba shi da nauyi, ruwa ya yi gaba da shi, ba a sake ganinsa ba. Sauran yashi ya binne su inda ba wanda ya sani. Da Biba ta ce gobe su ƙara gaba, Barmo ya ce a'a, ya isa, waɗanda ƙasa ta karɓa a bar mata.

Da kaka ta yi aka samu gero mai yawa, suka kira magini ya ta da katangar. Barmo yana zaune a inuwa, ya ce a yi ta yadda aka saba. Biba ce ta tsaya a kan maginin tun daga tushe har sama, tana duba kwaɓin ƙasa tana cewa a ƙara ciyawa. Da aka zo kan katangar magini ya fara tsuke ta kamar ta kowa, sai ta ce ya tsaya.

"Hwaɗaɗa bisan. Ka bar wurin da abu ka zama ba shi gangaro ba."

Magini ya dubi Barmo, Barmo ya dubi ƙasa yana ɓoye dariya. Aka faɗaɗa. Da ta bushe, Dodo ya zo daga Galma ya hau turmi, Barmo yana miƙo masa ɗaya-ɗaya yana faɗin inda kowanne zai zauna. Katangar ba ta cika ko rabi ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya aka turo wa Barmo kan wata tsohuwar saniya daga wajen Babankatami, ya babbake ya kankare, ya ɗora hannu a goshin ya ɗan daɗe. Biba ta dube shi, ta je ta ɗauko babbar tukunya ta ƙara ruwa.